Wa Zai Riƙe Kwalbar?

Akwai wata 'yar ƙwayar magani, ba ta kai ƙwayar wake girma ba, wadda ta shiga gidaje da yawa na ƙasar nan, birni da ƙauye. Sunanta amitiriftilin. A jikin kwali a kan rubuta ta da Turanci amitriptyline, waɗansu kamfanoni kuma su kan sa mata sunan kasuwa, kamar Tryptizol ko Elavil. Likitoci su kan ba da ita ga mai ciwon damuwa, watau baƙin cikin nan mai nauyi da ya kan zauna wa mutum mako da makonni, ya hana shi barci da cin abinci, ya raba shi da sha'awar aikinsa da ta iyalinsa, har ya ga zaman duniya ba shi da wata fa'ida. Su kan ba da ita kuma, amma kaɗan, saboda zugin jijiyoyi irin wanda masu ciwon sukari su ke ji a ƙafa, da saboda ciwon ɓarin kai. Tana da araha ƙwarai, tana kuwa cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. Mun ga ya dace mu yi magana a kanta, domin jama'a suna tsoronta inda babu abin tsoro, suna kuma sakaci da ita inda haɗarin ya ke.

Da ku mu ke, malaman makaranta da akawuna. In an komo daga asibiti da ƙunshin magani, wa a ke miƙa wa a ce ya karanta? Ku ne. Maƙwabci ya kan zo da kwali ya ce, "Malam, duba mini wannan, sau nawa aka ce in sha?" Abin da kuka faɗa masa kuwa shi zai bi, ko da ya saɓa wa abin da likita ya ce, gama likita ya yi masa magana cikin minti biyu, ku kuwa kuna zaune da shi a tabarma ɗaya.

Irin waɗannan magunguna ba su daɗe a duniya ba. A 1952 likitocin Amurka suna gwada wani sabon maganin tarin fuka, sai suka lura masu jinyar da su ke sha suna samun walwala da son abinci fiye da yadda warkewar huhu kaɗai za ta kawo. Daga nan aka shiga ba da shi ga masu ciwon damuwa, amma ba a yi shekara goma ba aka janye shi daga kasuwa, don an ga yana lalata hanta. A 1957 wani likita na ƙasar Suwizalan, Roland Kuhn, ya ba da labarin wani magani dabam mai suna imifiramin, wanda ya ga yana ɗage baƙin ciki bayan an yi kwanaki ana sha. Amitiriftilin ƙanwarsa ce, kusan ginin su ɗaya, an yarda da ita a Amurka a 1961. Waɗanda a ke kira na zamani, irin fuluwoksetin da a ke sayarwa da sunan Prozac, sai a ƙarshen 1987 suka fito can. To, ka ga tun na farkonsu illa ce ta kore shi, saboda haka maganar illa ba sabuwa ba ce ga waɗannan magunguna, tare aka haife su.

Kada wani ya ɗauka muna kushe ta ne. A 2018 waɗansu masana, da jagorancin likitocin Jami'ar Oksfod ta Ingila, sun tattara gwaji 522 da aka yi a kan mutum 116,477, suka auna magungunan damuwa iri 21. Suka buga sakamakon cikin mujallar Lancet. Dukansu sun fi ƙwayar banza da ba magani a cikinta, amitiriftilin kuwa tana sahun gaba wajen aiki. Amma cikin binciken nan ne kuma aka ga tana cikin waɗanda mutane suka fi yawan bari ba su kai ƙarshe ba. Magani mai ƙarfi, wanda masu sha su ke gudu. Dalilin gudun shi ne abin da ya kamata kowane mai karatu ya fahimta.

Ga yadda abin ya ke. Ƙwayar tana aiki ne a kan waɗansu sinadarai da jijiyoyin ƙwaƙwalwa su ke aika wa juna saƙo da su, tana sa su daɗe a wurin da a ke bukatarsu. Sai dai ba ta da zaɓe. Kamar maƙulli ne da ya ke shiga ƙofa huɗu, alhali ɗaya a ke so ya buɗe. Tana taɓa jijiyoyin da su ke kula da yawu, da motsin hanji, da fitsari, da tsayar da gani, tana taɓa masu sa barci, tana kuma taɓa masu riƙe ƙarfin jini sa'ad da mutum ya miƙe tsaye. Waɗannan duka tun daren farko su ke amsawa. Wanda ya sha da dare zai tashi da safe bakinsa a bushe kamar ya kwana yana cin garin rogo, kansa ya yi nauyi, in ya zabura daga shimfiɗa jiri ya ɗebe shi, in ya ɗauki takarda ya ga rubutu dishi-dishi, bayan kwana biyu kuma bayan gida ya yi tauri. Sauƙin baƙin cikin kuwa, wanda shi ne aka je nema, ba ya zuwa sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani ma sai ya kai shida. Watau illa ce ta ke riga amfani isowa. Mutumin da ba a faɗa masa haka ba, in ya kwana biyar yana sha ya ga ba abin da ya ƙaru sai wahala, me zai ce? Zai ce maganin bai karɓe shi ba. Ya ajiye kwalbar a bisa taga, ya nufi wani wurin. Mu kuwa ba mu ga laifinsa ba, gama ya yi hukunci ne bisa ga abin da ya gani.

Saboda wannan ne likitoci su kan fara da kaɗan. Littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 domin ma'aikatan ƙananan asibitoci ya ce a fara wa babba da miligiram 25 lokacin kwanciya, a riƙa ƙarawa mako mako har a kai 100 zuwa 150 a yini, tsoho kuwa da mai wata cuta a tsaya masa ƙasa da haka. Mai zugin jijiya sau da yawa miligiram 10 ko 25 su kan ishe shi. Ƙari da ragi aikin likita ne. Mun kawo adadin ne don mai karanta wa wani kwali ya duba lambar da ke jiki, gama akwai ta 10, akwai ta 25, akwai ta 50, kuma "ƙwaya ɗaya" ta wannan kwali ba ita ce "ƙwaya ɗaya" ta wancan ba.

Yawancin wahalar farko ta kan ragu in jiki ya saba. Bushewar baki a kan rage ta da kurɓar ruwa a kai a kai, a kuma kula da asuwaki, domin bakin da ba yawu haƙoransa su kan ruɓe da sauri. Taurin bayan gida ganye da ruwa su kan taimaka. Mai jiri ya zauna a bakin gado tukuna kafin ya miƙe. Wanda barci ya ke bin sa har hantsi ya roƙi likita ko zai matso da shan zuwa bayan magariba, kuma kada ya hau babur ko ya tuƙa mota sai ya ga yadda ƙwayar ta ke yi masa. A watannin bazara a yi hattara da rana, don tana dagula yadda jiki ya ke fid da zafi. Tana ƙara ƙiba, tana kuma rage wa waɗansu sha'awar iyali, abin da kunya ta kan hana a faɗa wa likita, sai a bar magani a ɓoye. Gara a faɗa, gama akwai waɗansu magungunan da za a iya sauyawa.

Amma akwai alamun da ba a haƙuri da su. In zuciya ta shiga bugawa ba bisa ƙa'ida ba, ko ƙirji ya yi ciwo, ko mutum ya suma. In fitsari ya tsaya. In ido ya yi ja yana zugi, gani ya dushe farat ɗaya. In tsoho ya rikice bai san inda ya ke ba. In jijjiga ta kama mutum. Waɗannan asibiti a ke kai su ran nan, ba gobe ba. Haka nan in mai baƙin ciki ya juye ya zama ba ya barci sam kuma ba ya gajiya, yana surutu ba tsayawa, yana rabon kuɗinsa, kada 'yan'uwa su yi murna su ce ya warke. Wani ciwo ne dabam da ke kai mutum ƙasa ya kuma kai shi sama, ƙwayar ta tone shi, maganinsa kuwa dabam ne. Don haka tun kafin a rubuta ta ya wajaba a gaya wa likita in akwai ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko hawan jinin ido, ko ciwon hanta, ko in tsoho ne da fitsari ya riga ya fara yi masa wuya, ko mace mai ciki ko mai goyo. Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, ba a ba shi ita ko kaɗan.

Malaman da ke riƙe da samari da 'yan mata a kwalejoji da makarantun kwana, ga naku. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta duba gwaji 24 da aka yi a kan yara da matasa fiye da 4,400, ta ga cikin waɗanda aka ba maganin damuwa kamar 4 cikin 100 sun sami tunanin kashe kansu ko sun yi yunƙuri, cikin waɗanda aka ba ƙwayar banza kuwa 2 cikin 100. Ba wanda ya mutu cikin gwaje-gwajen, amma hukumar ta sa a buga gargaɗi a jikin dukan magungunan damuwa, tsoho da sabo. A 2007 ta faɗaɗa gargaɗin ya kai ga masu shekara 24. Ga waɗanda suka wuce haka ba a ga ƙarin haɗari ba, ga masu shekara 65 zuwa sama ma raguwa aka gani. Ma'anar wannan ba a hana matashi magani ba ne, gama ciwon da ba a yi wa magani ba shi kansa yana kisa. Ma'anarsa a sa ido a makonnin farko, da duk lokacin da aka ƙara ko aka rage. Ɗalibin da ya kasa zama wuri ɗaya, ya zama mai saurin fushi, ko ya fara maganar mutuwa, a tambaye shi kai tsaye, cikin sirri, a kuma mai da shi wurin likita. Tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Amitiriftilin dai ba ita a ke ba yara da matasa don damuwa ba. Akwai lokacin da likita ya kan rubuta ta ga yaro mai fitsarin kwance in sauran dabaru sun ƙi, amma kada uwa ko mai kula da ɗakin kwana su ji wannan su yi gaban kansu.

Yanzu mun zo ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Babban haɗarin wannan ƙwaya yana cikin kwalba, ba cikin wadda aka sha bisa ƙa'ida ba. Tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke kisa tazarar ba ta da yawa. In an sha fiye da kima tana rikita bugun zuciya, ta kawo jijjiga da doguwar suma, cikin sa'o'i kaɗan. Ƙaramin yaro da ya tsinci kwalba a ƙarƙashin matashi, 'yan ƙwayoyi sun isa su hallaka shi, su kuwa ƙwayoyin ƙanana ne masu launi, kamar alewa. Sai mu tuna kuma wa a ke ba wannan magani: mutumin da ciwonsa shi ne ya ke raya masa cewa mutuwa ta fi. A ba irin wannan mutum maganin wata biyu a hannu, a ce ya tafi gida ya ajiye a ɗakin da ya ke kwana shi kaɗai, wannan ba jinya ba ce. Littafin jagoran da muka ambata ya ce inda a ke tsoron mutum zai cuci kansa a ba shi na mako ɗaya kawai, a kuma fi son irin fuluwoksetin, wadda yawanta bai kai wannan haɗari ba, ko da ya ke ita ma tana da nata, kamar tashin zuciya da hana barci.

Ra'ayinmu shi ne, duk gidan da aka shigo da amitiriftilin don ciwon damuwa, a sami mutum ɗaya mai hankali, wanda mai jinya ya yarda da shi, ya riƙe kwalbar a akwati mai makulli, ya riƙa ba da na kowane dare, ko na 'yan kwanaki, yana ƙirgawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya kafa wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu ciwon ƙwaƙwalwa su ke zama cikin ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da ɗan'uwansa mai kula da shi, tsarin da ya yi suna har ƙasashen waje. Abin da Lambo ya gane shi ne dangi rabin asibiti ne. Mu abin da mu ke nema bai kai nasa ba, akwati ne da makulli.

Mun san za a ce wannan cin fuska ne. Maigida mai mata da 'ya'ya, ko babban akawu da ke riƙe da makullin ofis, a ce ƙanensa ko matarsa ne za su riƙa miƙa masa ƙwaya kamar yaro? Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma ya danganta ga yadda aka faɗa. In likita ne da kansa ya ce haka ƙa'idar wannan magani ta ke ga kowa, saboda yaran gida, ba wanda zai ji an muzanta shi, kuma gaskiya aka faɗa. Za a ce kuma ba da na mako ɗaya ko biyu wahala ce ga wanda zai biya kuɗin mota daga ƙauye zuwa Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano, ko Maiduguri. Haka ne. Shi ya sa mai riƙe kwalba ya ke da amfani: asibiti ya ba da na wata, amma a hannun ɗan rakiya.

Sai maganar kemis. Wannan magani ba a sayar da shi bisa doka sai da takardar likita, masu ƙananan shagunan magani kuwa lasisinsu bai kai gare shi ba. Duk da haka a kan same shi a irin waɗannan shaguna, a kan kuma ba da shi ga wanda ya ce ba ya barci, a ƙulle cikin leda ba suna ba lamba. Mai shago bai auna zuciyar mai saye ba, bai kuma tambayi me ya ke sha ba. Nan kuwa akwai wani rami. Amitiriftilin da tiramadol ba sa haɗuwa lafiya, su kan kawo jijjiga, ko zazzaɓi mai zafi da rawar jiki da ruɗewa. Giya, da maganin tari mai kodin wanda Gwamnati ta hana yi da shigowa da shi a 2018, da magungunan mura masu sa barci irin Piriton, duk suna ninka nauyinta. Haka nan mai kirki da ya ce wa aminiyarsa ko abokinsa, "Ga irin wadda aka ba ni, ta yi mini daɗi," bai san abin da ke cikin ƙirjin wancan ba. Hukumar da ke ba masu shaguna lasisi ita ke da alhakin bin wannan, muna kuwa roƙonta ta bi. Kafin ta iso, malamin da aka kawo wa leda ba suna ya ce ba zai karanta abin da ba a rubuta ba, a koma a tambayo.

Abin da jama'a suka fi tsoro kuwa, watau cewa wanda ya fara sha ya zama ɗan ƙwaya ke nan, ko an sa shi cikin mahaukata, nan ne babu abin tsoro. Ba ta sa maye irin na tiramadol, ba ta sa mutum ya riƙa ƙawa yana neman ƙari. Abin da ke akwai shi ne jiki ya kan saba da ita, in an yanke farat ɗaya sai a sami ciwon kai, da tashin zuciya, da rashin barci, da munanan mafarkai. Saboda haka a hankali a ke sauka, cikin mako huɗu ko fiye, bisa shirin likita. Kuma ba ranar da aka ji sauƙi a ke fara sauka ba. Jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a ci gaba wata 9 zuwa 12 bayan alamun ciwo sun tafi, domin wanda ya bari da wuri ciwon ya kan komo masa. Mai azumi ba ya bukatar bari, tun da da dare a ke sha, sai dai ya shawarci likita saboda ƙishirwa da jiri.

Shugabannin ofisoshi da hedimastoci su ma suna da hannu. Ma'aikacin da ya zo da idanu a lumshe makon farko na shan magani, ba takardar tuhuma ya ke bukata ba, a sauƙaƙa masa darasin safe na ɗan lokaci, a kuma rufe masa asiri. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince masu irin wannan ciwo suna da haƙƙi kamar kowane mai jinya. Wanda ya ke tsoron a ji a ofis shi ne ya kan ɓoye kwalba cikin aljihun tebur, ya sha yau ya bari gobe.

In kuwa abin da a ke gudu ya auku, aka tarar yaro ko babba ya sha da yawa, ko ana zato kawai, a ɗauke shi zuwa babban asibiti nan take, ko da yana magana yana tafiya da ƙafarsa, gama mutum ya kan yi kamar lafiya lau sa'an nan ya faɗi. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa manja, ko madara, ko ruwan tsamiya, kada kuma a sa masa yatsa don ya yi amai, domin in suma ta zo aman zai koma huhu. In ya riga ya suma a kwantar da shi a gefensa cikin mota. A tafi da kwalbar ko kwalin, a faɗi ƙarfe nawa aka sha da guda nawa suka ɓace, wanda mai ƙirgawa ne kaɗai zai iya faɗa. Ragowar ƙwayoyin da aka daina sha kuma, ko don an sauya magani ko don an gama, a mai da su ga mai haɗa magani na asibitin da ya bayar.